Gyaran Motsin Allon Kafaɗa ga 'Yan Wasan da ke Ɗaga Hannu Sama da Kai

A cikin wannan maƙala za mu duba wata matsala da ke damun masu ƙwallon raga, da ƙwallon hannu, da tanis, da jifan mashi, da iyo, watau karkacewar motsin allon kafaɗa. Shi wannan ƙashi kwance yake bisa haƙarƙari ta baya, kuma akasari tsokoki ne ke riƙe da shi. Tun 1944 Inman da abokan aikinsa suka nuna cewa idan mutum ya ɗaga hannu digiri 180, kusan 120 daga gaɓar kafaɗa suke, sauran 60 kuwa daga juyawar allon. Ashe ke nan in allon ya yi nawa, ko ya ɓullo kamar fiffike, sai gaɓar ta ɗauki nauyin da ba nata ba.

Wani nazari na 2016 ya sami wannan karkacewa a jikin kashi 61 cikin ɗari na irin waɗannan 'yan wasa, alhali kashi 33 ne a sauran. Wani kuma na 2018 ya nuna cewa mai ita ya fi shiga haɗarin ciwon kafaɗa da kashi 43 cikin ɗari. Amma fa mu lura, da yawa suna da ita ba su jin komi. Saboda haka a ganinmu alama ce da za a bincika, ba cuta ce mai zaman kanta ba.

Ana gane ta ne ta tsayawa bayan ɗan wasa, shi kuma yana ɗaga hannuwa yana saukewa da ɗan nauyi; wajen saukewar ta fi bayyana. In ɓullowar ta yi tsanani, likita ya fara duba jijiyar da ke motsa tsokar seratus, domin motsa jiki ba ya gyara jijiyar da ta sami rauni.

Gyara yana farawa da sassauta abin da ya ɗaure. Ƙaramar tsokar ƙirji kan gajarce ta ja allon gaba, sai a miƙe ta ta dafa bakin ƙofa da dantse a tura ƙirji. Sa'an nan a koma ga tsokar seratus da ƙasan tirafiziyas, waɗanda su ke juya allon sama. A nan ne wuyar take, don kuwa saman tirafiziyas yakan ƙwace aikin, ɗan wasa ya riƙa ɗage kafaɗa zuwa kunne. Ann Cools ta Jami'ar Gent a Beljiyam ta nuna a 2007 cewa kwanciya ta gefe ana juya hannu waje, ko rubda ciki ana ɗaga shi baya, yana sa ƙasan da tsakiyar aiki ba tare da saman ya rinjaya ba. Don seratus kuwa, a dafa bango a miƙe gwiwar hannu, a ƙara turawa har allunan su buɗe. Nauyi kaɗan ya isa. Da zarar kafaɗa ta fara ɗagewa a dakata.

Bugu da ƙari, Kibler ya ƙiyasta cewa kusan rabin ƙarfin bugun farko a tanis daga ƙafafu da gangar jiki yake fitowa. Wanda ƙugunsa ba shi da ƙarfi, kafaɗarsa ce za ta biya. Don haka matakin ƙarshe a tsaye ake yinsa, ana taka ƙafa ɗaya ana jan roba, kafin a koma jifa sannu a hankali.