Biki Ba Ya Maimaituwa: Shawara Ga Mai Hoton Da Ke Shirin Sauya Kyamara

Sanin kowa ne cewa ɗaukar hoton biki a biranenmu ta daɗe da wuce matsayin 'yar sana'ar da ake raɓawa kafin a samu aikin gwamnati. A Kano da Kaduna da Abuja da sauran garuruwa, akwai matasa maza da mata, cikinsu har da masu digiri, da wannan sana'a ke riƙe da su da iyalansu. Da zarar ɗayansu ya tara ɗan abin hannu, tambayar da ke hana shi barci ita ce: in sauya kyamara ko in dakata, in kuma zan sauya, wacce zan saya? Tambayar ta shafi mai hoto, ta kuma shafi uban amarya da ango, domin su ne za su zauna da sakamakon zaɓinsa har tsawon rayuwa.

Abin da ake nufi a nan shi ne gangar jikin kyamara, wato akwatin da ke ɗauke da farantin da ke karɓar haske, ban da idon gilashin da ake ɗaura mata a gaba. Ra'ayina shi ne, bai kamata mai hoto ya taɓa jarinsa don sayen sabuwar ganga ba sai ya iya faɗin takamaiman abin da tsohuwar ta kasa yi masa a wurin biki. Dalili kuwa, tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ake canzarwa a kan kimanin naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024, kuma babu wata kyamara da ake ƙerawa a ƙasar nan. Kuskuren saye ɗaya na iya cinye ribar shekara guda.

Mu fara da kalmar da 'yan talla suka fi kaɗa kunnen masu saye da ita, wato megafiksel. Ta zama kamar laƙani, ana jin adadinta ya yi yawa sai a saki baki. Alhali kyamara mai megafiksel 24 tana fitar da hoto mai ɗigo 6,000 a tsawo da 4,000 a faɗi, wanda za a wanke shi ya kai inci 20 da 13 ba tare da ya rage kyau ba. Wannan ya wadatar da kowane albam, ya kuma wadatar da hoton da za a rataya a falo. Mai megafiksel 45, irin Nikon D850 ta 2017 ko Canon EOS R5 ta 2020, tana da amfani ga mai aikin allon talla, amma nauyin kowane hotonta ya kusa ninka na waccan. Ma'ana, ƙarin katin ajiya, ƙarin ƙarfin kwamfuta, da ƙarin daren da za a raba ana gyara. Ga shi kuma mafi yawan hotunan a WhatsApp da Instagram za su ƙare, inda ake matse su kafin kowa ya gani.

To, me biki yake bukata? Abu na farko shi ne aminci. Ana iya sake zaman hoton fasfo sau goma, amma ba a sake shafa fatihar ɗaurin aure don mai hoto, haka uwa ba ta sake zubar da hawayen rabuwa da 'yarta. Katin ajiya kuwa yakan lalace ba sallama. Saboda haka kyamarar biki ta zama mai ramin kati biyu, wadda ke rubuta kowane hoto a wuri biyu lokaci guda. Wannan ba ƙaramin batu ba ne. A 2018, da Canon ya fitar da EOS R, Nikon kuma ya fitar da Z6 da Z7, dukkansu da ramin kati ɗaya, masu hoton biki a duniya sun yi ta ƙorafi, musamman ganin cewa Sony A7 III da ta fito a wannan shekarar tana da biyu. Zuwa 2020 kamfanonin biyu sun gyara, suka fito da EOS R6 da Z6 II masu rami biyu.

Daga wannan aminci ne wata shawarar ke fitowa. Mai kyamara ɗaya tilo, komai tsadarta, yana tafe ne a kan siraɗi. In kuɗin hannunsa zai sayi babba guda ko matsakaita biyu, biyun sun fi, ko kuwa ya riƙe tsohuwar a matsayin ko-ta-kwana maimakon ya sayar da ita don cika kuɗin sabuwa. Akwai ƙarin fa'ida ma. Mai kyamara biyu yakan ɗaura wa ɗaya ido mai faɗi, ɗayar kuma mai jawo nesa, sai ya huta da yawan cire ido a tsakiyar taro. Duk wanda ya yi aiki a lokacin hunturu ya san yadda ƙura ke shiga ta zauna a kan faranti, ta bar ɗige-ɗige a kowane hoto.

Abu na biyu shi ne haske, kuma bikinmu gwaji ne mai tsanani ta wannan fuska. Da hantsi ana ɗaurin aure a ƙofar masallaci ko ƙofar gida, rana tana dukan farar shadda da farar hula, fuskokin kuma baƙaƙe ne. Kyamarar da ba ta iya haɗa haske mai ƙarfi da inuwa a hoto guda sai dai ta ƙone rigar ko ta duhunta fuskar. Matsalar tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana rarraba wa masu wankin hoto katin gwajin launi mai hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley, bai fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban ba sai a shekarun 1990. Fasaha ta ci gaba ƙwarai, amma darasin yana nan: a gwada kyamara a kan fatar mutanen da za a ɗauka, cikin tufafin da suke sawa, kafin a biya kuɗi.

Da dare kuma labari ya sha bamban. Ɗakin dina duhu ne da fitilu masu launi, kai amarya kuwa sau da yawa da hasken waya ko na janareta ake yinsa. A nan ne girman faranti yake aiki. Cikakken faranti, mai milimita 36 da 24, ya ninka ƙaramin da ake kira APS-C fiye da sau biyu a faɗi, don haka yana tara haske da yawa, hoton dare ya fito ba yawan tsakuwa. Wanda ke aiki da ƙaramin faranti kuma yana ganin hotunansa na dare suna ɓaci, yana da hujjar sauyi. Sai dai ya fara bincika idonsa. Ido mai buɗewar f/1.8, kamar mai milimita 50 ko 85, yana shigar da haske kusan ninki goma na idon da ake haɗowa da kyamara in an jawo shi zuwa f/5.6, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar ganga ba. Filasha mai kyau ma haka take. Sau da yawa ganga ake zargi, alhali laifin na ido ne da fitila.

Abu na uku shi ne kama saiti, kuma a nan ne sababbin kyamarori marasa madubi suka yi wa tsofaffi fintinkau. Suna gane fuskar mutum, su bi ƙwayar idonsa duk inda ya juya. Ga mai ɗaukar amarya tana shigowa cikin ƙawayenta, ko mai zaman hoton mutum ɗaya da yake so baya ya dushe fuska ta fito tar, wannan ci gaba ne na haƙiƙa. Suna kuma iya ɗauka ba ƙara, abin da ke da amfani lokacin da liman yake addu'a. Amma suna da nasu aibin. Suna shan batir fiye da masu madubi, ga halin wutarmu, ɗaukar shiru kuma takan haifar da zane-zane a hoto ƙarƙashin wasu fitilun zamani. Tun da babu madubi a gaban farantinsu, a yawancinsu ƙura ta fi samun hanya.

Shin ke nan masu madubi sun tashi aiki? Kasuwa ta juya musu baya, domin a ƙarshen 2021 shugaban Canon ya bayyana cewa EOS-1D X Mark III ce babbar kyamararsu mai madubi ta ƙarshe. Amma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Canon 5D Mark III ta 2012 da Nikon D750 ta 2014 dukkansu cikakken faranti ne da su, da ramin kati biyu, kuma ta hannu tana samuwa da sauƙi. Mai sayen ta hannu dai ya duba adadin ƙiftawarta, domin an yi wa waɗannan biyun gwaji ne a kan kimanin ƙiftawa 150,000. Wanda kuma ya tara idanun kamfani ɗaya, ya yi tunani sosai kafin ya yi hijira zuwa wani. Canon da Nikon duk suna da adaftar da ke ba tsofaffin idanunsu damar hawa sababbin ganguna, kuma idanun ne asalin jari, su ne ke daɗewa bayan ganga ta tsufa.

Yana da kyau matasanmu su tuna da Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948. Da hasken rana ya yi yawancin aikinsa, kuma saboda tsadar kayan aiki, sau ɗaya yake ɗaukar mutum. Ɗan ƙasarsa Malick Sidibé, mai ɗaukar bukukuwan matasan Bamako, ya karɓi lambar Zakin Zinare a baje kolin fasaha na Venice a 2007. Kyamarorin da suka yi aiki da su ba su da ko ɗaya daga abubuwan da muka lissafa a sama. Abin da suke da shi shi ne sanin haske da sanin yadda ake kwantar wa mutum hankali har ya saki fuska.

Daga ƙarshe, ga mai hoto, ya ɗauki hotunan bukukuwa uku na baya-bayan nan da ya yi, ya ware waɗanda suka ɓaci, ya tambayi kansa dalili. In duhu ne ko kuskuren saiti duk da ido mai kyau da fitila, lokacin sauyi ya yi. In ya saya, kada ya fara gwada ta a bikin mutane, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ga mai ɗaukar mai hoto haya kuwa, tambayoyi biyu sun fi sanin sunan kyamara muhimmanci: kyamara nawa za ka zo da ita, kuma a wuri nawa hotunan 'yata za su kwana a daren biki?