Tsohuwar Mota Ba Shekaru Ke Kashe Ta Ba

Kowace ran Juma'a, ranar kasuwar shanu ta Wudil, tun da jijjifi motoci ke fitowa daga Kausani da ƙauyukan kewaye maƙare da fasinja. Galibinsu tsofaffi ne, Golf da Sharon, jefi-jefi kuma a hangi Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kakuri ta Kaduna cikin shekara ta 1975, aka kuma daina haɗa ta tun da daɗewa. Ga mai irin wannan mota ita ce gonarsa, ran da ta kwana a gareji kuwa da wuya a ɗora tukunya a gidansa. Amma duk da haka direbobi da yawa ba su tunawa da bakanike sai ta mace musu a hanya.

Abu na farko shi ne baƙin mai. Kafin a tayar da injin da safe, mota na tsaye a wuri mai daidai, sai a zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. Idan man ya yi ƙasa a ƙara. Idan launinsa ya koma kamar shayi da madara, to ruwa ya shiga, watau gasket ya ƙone, tafiya ta fasa ke nan. Tsohon inji yana bukatar juye bayan kowace kilomita 5,000, tare da sabuwar filta. Mai bin hanyar burji bai kamata ya jira haka ba.

Sauran duban lokutan shekara ne ke tsara shi. Da hunturu ƙura ke toshe filtar iska, mota ta riƙa shan mai tana baƙin hayaƙi, kuma tun da aka janye tallafin fetur a 2023 wannan ba ƙaramar asara ba ce. Waɗansu direbobi dabararsu ita ce su cire filtar su jefar. Wannan ganganci ne, domin yashin da take tarewa shi zai shiga ya cinye zoben fistin, kuɗin gyaran kuwa ya ninka na filta sau da yawa a kasuwar Ƙofar Ruwa. Kakkaɓewa kowane mako ya wadatar, sai in ta yage.

Da bazara hankali ya koma kan lagireto da fambel. Ruwan rijiya yana barin datti mai toshe jijiyoyin lagireto, saboda haka wanke shi kafin zafi ya kankama ya fi sauƙi. Ba a buɗe murfinsa injin na da zafi. Man birki kuma yana jan danshi, musamman da damina, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba.

Taya ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali a titin Wudil zuwa Kano fashewarta na iya cin rayuka. A jikin kowace akwai lambobi huɗu: 2319, alal misali, na nufin an yi ta a mako na 23 na shekara ta 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin a bar taya bayan shekara huɗu. Tayar kwatano sau da yawa ta wuce haka tun kafin ta iso, ko da zanenta na nan raɗau. Iska kuwa da safe ake auna ta wurin mai faci, har da ta safaya da ke cikin but.