Lansir Daban, Fasili Daban

Duk wanda ya ratsa fadamun Makarfi da Kudan da Ikara da rani ya san lansir. Ana shuka shi a fangali kusa da tumatir da albasa, kafin sati 3 an soma yanka, mata su yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli. To, a 'yan shekarun nan wani ruɗani ya shigo. Masu koyar da girki da masu tallar magani sun ɗauki sunan lansir sun laƙaba wa wani ganye na ƙasashen Bahar Rum, wanda Turawa ke kira fasili, Larabawa kuwa su ce baƙdunis. Duk amfanin da aka ji na wancan sai a jingina wa wannan.

Alhali kuwa ko dangi ba su haɗa ba. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya sa lansir cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916. Ɗan'uwan kabeji ne, yana da yaji mai hawa hanci, irinsa ne kuma algarif, jan nan mai yauƙi in an jiƙa shi. Fasili kuwa dangin karas ne, ƙamshi gare shi ba yaji ba, irinsa ya kan kwana 20 ko fiye cikin ƙasa bai tsiro ba.

Maganin fasili tsoho ne ƙwarai. Tun ƙarni na 1 Diyoskoridis, likitan Yunanawa, ya rubuta cewa yana sa fitsari, yana kuma sauko da jinin al'ada. Na farkon ya sami karɓuwa har a zamanin nan, gama kwamitin da gwamnatin Jamus ta naɗa don binciken magungunan itatuwa ya yarda a sha ganyen da saiwar domin wanke mafitsara da ƙananan tsakuwar ƙoda, amma bai yarda da irin ba.

Na biyun shi ne abin tsoro, shi ya sa muka ɗauko zancen. Cikin irin fasili akwai wani mai da ake kira afiyol, mai motsa mahaifa. A tsakiyar ƙarni na 19 likitocin Faransa suka soma ba mata shi don tsayawar al'ada, daga baya aka mai da shi abin zubar da ciki, mata suka yi ta mutuwa saboda lalacewar hanta da ƙoda. Ɗan abin da ake barbaɗa wa miya ba kome. Amma mai juna biyu ta dafa tuli guda ta sha safe da yamma, don an ce mata "lansir" ne mai wanke ciki, wannan ganganci ne. Haka mai kumburin ƙoda, da wanda ƙafafunsa suka kumbura saboda ciwon zuciya. Wanda likita ya ɗora bisa warfarin, maganin hana jini daskarewa, shi ma ya yi hattara, domin bitamin K da ke cikin ganyen yana rage wa maganin ƙarfi.

Muna roƙon malaman makaranta su kai wa almajiransu ganyayen biyu aji, kowa ya murza ya sansana ya ɗanɗana. Akawuna kuwa, ku da a kan kawo wa takarda a ƙauye ku karanta, in kun ga an rubuta lansir cikin haɗin magani, ku tambayi mai shi wanne yake nufi, na fadama ko baƙon.