Zambar rance

Zambar rance wani nau'in damfara ne da ake yi wa mutanen da ke neman bashi, inda ɗan damfara kan fito a matsayin banki, kamfanin ba da lamuni ko wakilin wani shirin gwamnati, domin ya karɓe kuɗin mai nema ko bayanan asusunsa. Ana kuma sanya masu ba da rance ba bisa ƙa'ida ba a cikin wannan rukuni, wato waɗanda ke ba da kuɗin da gaske amma su ɓoye yawan ruwan da ke kai, sannan su karɓi bashin ta hanyar barazana da tozartawa. Zambar ta fi samun mutanen da ke cikin matsi, kamar masu neman kuɗin asibiti, kuɗin makaranta, kuɗin haya ko jarin ƙaramar sana'a, musamman waɗanda ba su da jingina ko takardun da bankuna ke buƙata.

Bambancin mai ba da rance na gaskiya da ɗan damfara yana ga tsarin aikinsu. Na gaskiya yana samun ribarsa ne idan an biya shi, shi ya sa yake bincikar ko mai nema zai iya biya, kuma yake bayyana sharuɗɗansa a rubuce. Ɗan damfara kuwa tun kafin a kai ga maganar biya yake cin ribarsa, don haka bai damu da halin mai nema ba.

Nau'o'in zambar

Kuɗin gaba

Wannan nau'i ne da ya daɗe. Ana sanar da mutum ta saƙon waya, WhatsApp ko Facebook cewa an amince a ba shi rance, amma sai ya fara tura wani kuɗi da sunan rajista, inshora, haraji ko buɗe fayil. Adadin farko kan kasance kaɗan idan aka kwatanta da rancen da aka yi alkawari, domin mutum ya ga bai kai abin damuwa ba. Da zarar ya biya, sai a ɓullo da wani sabon dalili na neman ƙari. Mutane da dama kan ci gaba da biya saboda ba sa son su yi asarar abin da suka riga suka tura. A ƙarshe lambar wayar takan daina shiga, rancen kuma ba ya zuwa.

Shigar burtu da sunan banki ko gwamnati

A nan ana kwaikwayon tambari da sunan wata cibiya da jama'a suka sani, a buɗe shafin intanet mai kama da nata. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 domin rance ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa ta hannun bankin NIRSAL Microfinance, kuma shafukan bogi sun yawaita da sunan shirin. Abin da irin waɗannan shafuka ke nema shi ne lambar BVN, lambar katin ATM, lambar sirri da kuma lambar tabbatarwa da banki ke turowa ta waya. Wanda ya haɗa waɗannan bayanai yana iya kwashe abin da ke asusun mutum, ko ya ci bashi da sunansa a wani wuri. A wuraren da jama'a ke guje wa kuɗin ruwa saboda addini, 'yan damfara kan tallata abin da sunan "rance marar ruwa" ko "tallafi".

Manhajojin rance marasa rajista

Waɗannan manhajoji kan ba da ƙananan kuɗi cikin mintuna, ba jingina ba mai tsayawa. Kafin manhajar ta fara aiki takan nemi izinin shiga jerin lambobin waya, hotuna da saƙonni. Wa'adin biya yakan kasance kwana 7 zuwa 14, kuma ana cire wani kaso tun kafin kuɗin ya shiga asusu. Idan mutum ya makara, sai a riƙa tura wa danginsa, abokan aikinsa da duk wanda ke cikin wayarsa saƙonnin da ke kiransa ɓarawo, wani lokaci har da hotonsa ko sanarwar mutuwarsa ta ƙarya. An kuma samu ƙorafe-ƙorafe kan manhajojin da ke tura wa mutum kuɗin da bai nema ba, sannan su buƙaci ya biya da ruwa.

Gyaran tarihin bashi

Wasu kan yi alkawarin goge sunan mutum daga rajistar masu bashi idan ya biya su. Kamfanonin da ke adana tarihin bashi a Najeriya su ne CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry, kuma Babban Banki ne ke ba su lasisi. Babu wanda zai iya goge bayani na gaskiya daga rajistarsu don an biya shi. Idan kuskure ne, mai bayanin yana da damar neman a gyara da kansa a ƙarƙashin dokar rahoton bashi ta 2017.

Lissafin ainihin ruwa

Yawancin masu karɓar rancen manhaja kan dubi adadin nairar da za su ƙara ne, ba sa auna shi da tsawon wa'adi. Misali, idan aka amince da rancen naira 10,000 na kwana 7, aka cire naira 2,000 da sunan kuɗin aiki, abin da ya shiga hannun mai nema naira 8,000 ne, amma 10,000 zai biya. Ruwan ya zama kashi 25 cikin ɗari a mako guda. Idan aka ninka shi sau makonni 52, ya kai kashi 1,300 cikin ɗari a shekara, ban da tarar jinkiri. Saboda haka ne hukumomi a ƙasashe da yawa ke tilasta wa masu ba da rance su bayyana ruwan shekara, domin da shi ne kawai ake iya kwatanta rance biyu masu wa'adi daban-daban. Wanda ya kasa biya a kan lokaci sau da yawa yakan karɓi rance daga wata manhajar don ya biya ta farko, daga nan bashin ya riƙa hauhawa.

Dokoki da matakan hukumomi

A Najeriya, sashe na 419 na kundin laifuka da ake amfani da shi a jihohin kudu ya haramta karɓar dukiya ta hanyar yaudara, kuma daga nan ne kalmar "419" ta samo asali. A jihohin arewa kundin Final Kod ne ya tanadi laifin cuta. Dokar tarayya ta 2006 kan damfarar kuɗin gaba ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba, kuma hukumar EFCC ce ke kan gaba wajen aiwatar da ita.

A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda keta sirrin abokan hulɗarsa. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tare da wasu hukumomi ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin rance a Legas, aka kuma rufe asusun bankinsu. A wannan shekarar ce hukumar ta fitar da tsarin rajista na wucin gadi ga masu ba da rance ta intanet, daga baya kuma ta fara wallafa sunayen waɗanda ta amince da su da waɗanda ta soke. A 2023 aka sanya hannu kan dokar kare bayanan sirri ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. A shekarar dai kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa shiga jerin lambobin waya da hotunan masu amfani da su. Manhajojin da aka cire daga rumbun kan koma yaɗuwa ta hanyar adireshin saukewa da ake turawa a saƙonni, inda wannan ƙa'ida ba ta aiki.

Matsalar ba ta tsaya ga Najeriya ba. Kenya ta sanya masu ba da rance ta waya ƙarƙashin babban bankinta a 2022, Indiya ma ta fitar da nata ƙa'idojin a shekarar. Babban Bankin Ghana ya wallafa sunayen manhajojin da ba su da lasisi a 2023. A Amurka, ƙa'idar tallace-tallace ta waya da hukumar kasuwanci ta tarayya ta kafa a 1995 ta hana mai tallan da ya ba da tabbacin rance karɓar kuɗi kafin rancen ya isa hannun mai nema.

Alamomin da ake gane zamba

Hukumomin kare masu saye sun fi nanata waɗannan alamomi:

• Neman a tura kuɗi kafin a ba da rance, musamman zuwa asusun wani mutum, ko ta katin waya.
• Tabbacin cewa kowa zai samu, ba tare da tambayar sana'a ko samun kuɗin mai nema ba.
• Neman lambar sirri ko lambar tabbatarwa. Banki ba ya tambayar waɗannan ta waya ko ta saƙo.
• Gaggawa, kamar cewa damar za ta ƙare yau ko gurbi kaɗan ya rage.
• Rashin ofishi da za a iya zuwa, da rashin yarjejeniya a rubuce.
• Manhajar da ke neman shiga hotuna da lambobin waya, ko wadda ba a sauke ta daga sanannen rumbu ba.

Hanyoyin kariya

Matakin farko shi ne tabbatar da rajistar mai ba da rancen. Babban Bankin Najeriya yana wallafa sunayen bankuna, ƙananan bankuna da kamfanonin kuɗi masu lasisi, FCCPC kuma tana wallafa na manhajoji. Da yake 'yan damfara kan ari sunan kamfani mai rajista, ganin sunan a jerin kaɗai bai wadatar ba. Ana so mai nema ya je reshen da kansa, ko ya kira lambar da ke bayan katinsa na ATM, maimakon lambar da ta zo a cikin saƙon.

Kafin sa hannu, ya kamata mai nema ya san abubuwa huɗu a rubuce: adadin da zai shiga hannunsa, jimillar abin da zai biya, ranar biya, da tarar jinkiri. Ga wanda bai iya karatu ba, ana son wani amintacce ya karanta masa. Ba da aron asusun banki, layin waya ko lambar BVN ga wani don ya karɓi rance yana jefa mai su cikin bashin, domin sunansa ne zai fito a rajista. Tun daga Agustan 2020, wani tsari na Babban Banki ya bai wa bankuna damar cire bashin da aka kasa biya daga sauran asusun da ke haɗe da BVN ɗin mai bashin, idan ya amince da hakan a yarjejeniyar rancen.

Ƙungiyoyin gama-kai masu rajista, ƙananan bankuna masu lasisi, bankunan da ba sa hulɗa da ruwa irin su Jaiz, da adashe tsakanin mutanen da suka san juna, na daga cikin hanyoyin da masu ƙaramin ƙarfi ke bi don kauce wa waɗannan manhajoji.

Bayan an faɗa hannun 'yan damfara

Saurin ɗaukar mataki ne ke rage asara. Wanda ya ba da bayanan katinsa yana bukatar ya sa a rufe katin da asusun nan take, ta reshe ko ta lambar gaggawa da bankuna suka tanada, sannan ya canja lambobin sirrinsa. Ana adana rasit, saƙonni da lambobin wayar da aka yi amfani da su a matsayin shaida. Ana fara kai ƙorafi ga bankin da aka tura kuɗin ta cikinsa, idan bai warware ba a wuce sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki. Damfara ana kai ta ga 'yan sanda ko EFCC, tozartawa daga manhaja kuwa ga FCCPC da NDPC.

Akwai kuma zamba ta biyu da kan biyo baya, inda wani zai kira wanda aka damfara ya ce shi lauya ne ko jami'i, zai dawo masa da kuɗinsa idan ya biya wani abu. Hukumomin da aka ambata ba sa karɓar kuɗi kafin su saurari ƙorafi. Kunya kan hana mutane da yawa kai rahoto, abin da ke bai wa masu zambar damar ci gaba da amfani da asusu da layukan waya iri ɗaya a kan wasu mutanen.