Ƙwayar Gado ta KRT14 da Ƙarfin Fatar Ɗan'adam

Gabatarwa

Jikin ɗan'adam ya ginu ne daga ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai wata saƙa ta zaruruwan furotin wadda ke riƙe siffarta. Masana sun kasa zaruruwan nan gida uku bisa kaurinsu. Akwai sirara masu kimanin nanomita 7, da kaurara masu nanomita 25, sai masu nanomita 10, waɗanda ake kira matsakaitan zaruruwa. Aikin matsakaitan shi ne jure ja da guga. Keratin, wato furotin ɗin da ke gina gashi da farce da ƙaho, yana cikin wannan rukuni.

Aikin KRT14

Ƙwayar gado umarni ce da ake gada daga iyaye, wadda ke fayyace yadda za a ƙera wani furotin. A cikin ƙwayoyin gado 54 da ke samar da keratin a jikin mutum akwai KRT14, wadda ke kan kuromozom na 17. Ita ke samar da keratin 14 a shimfiɗar ƙarƙashi ta fatar waje. Wannan furotin ba ya aiki shi kaɗai. Sai ya haɗu da keratin 5, wanda KRT5 ta kan kuromozom na 12 ke samarwa, su murɗe juna kamar yadda ake tufka igiya. Daga nan zaren ke miƙewa ya kama bangon ƙwayar, ya ɗaure ta da maƙwabtanta.

Illar Tangarɗa

A shekarar 1991, Elaine Fuchs da abokan aikinta na Jami'ar Chicago a Amurka suka nuna cewa tangarɗa a KRT14 tana haddasa cutar bororon fata ta gado, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da EBS. Idan zaren ya yi rauni, guga kaɗan, kamar ta takalmi, takan fasa ƙwayoyin, fata ta yi bororo, musamman lokacin zafi. Galibi ana gadon cutar daga mahaifi ko mahaifiya, kuma ba a ɗaukarta ta hanyar cuɗanya.

Kammalawa

A taƙaice, ƙarfin fata ya dogara ne ga ingancin wannan zare. Saboda haka, malamin da ya sami ɗalibi mai irin wannan lalura bai kamata ya ware shi ba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne kare shi daga bulala da wasanni masu gurje jiki.