Yadda ake gane naman kaza mai madara

Idan damina ta zauna a watan Agusta, naman kaza kan tsiro a jigawar Argungu da Birnin Kebbi, galibi kusa da suri. Akwai wani jinsi daban da masana ke kira Lactifluus, wanda ke rayuwa manne da saiwar itatuwa irin su doka. Shi ya sa an fi samunsa a dajin da doka ta yi yawa, kamar arewacin Jamhuriyar Benin mai iyaka da Kebbi, inda mutanen karkara ke cin wasu nau'o'insa.

Alamarsa ba ta da wuya. Ka karce ƙarƙashin hularsa da farce, wani ruwa mai kama da madara zai tsattsafo. Ƙafarsa kuwa karyewa take ƙas kamar alli, ba ta tsagewa zare-zare, galibi ba ta da zobe, ba jaka a gindi. A tono shi da gindinsa domin a duba, saboda jakar nan alama ce ta dangin Amanita, waɗanda wasunsu ke lalata hanta har su kashe.

Amma fa madarar ba lasisin ci ba ce, wasu masu madarar na ɓata ciki. Dahuwa kuma ba ta kashe dafin Amanita. Wanda ba ka tabbatar da shi ba, kada ya shiga tukunyarka.