YADDA KASAFIN KUƊIN JIHAR KANO YAKE RATSA MAJALISA, DA YADDA ZA MU BI SAWUNSA

Kun saba a wannan shafi muna kawo muku farashin gero da dawa da wake da gyaɗa. To yau za mu ɗan koma baya, mu duba wani abu da yake da hannu a cikin farashin nan tun kafin buhu ya iso kasuwa, watau kasafin kuɗin jiha da dokokin da Majalisar Dokoki take yi a birnin Kano.

Dalilinmu shi ne wannan. Ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, ƙasa ce mai cikar jama'a. Gona tana jingine da gona, babu saura, babu wurin da za a bari ya huta. Abin da ya riƙe ƙasar tun kaka da kakanni shi ne taki, na dabbobi da na shara wanda a da jakuna suke ɗaukowa daga birni, yanzu kuma ga na zamani. Mai ƙaramar gona ba shi da ikon yin hasarar damina guda. In taki ya makara, ko kwalbati ya karye mota ta kasa shiga ƙauye, ko an ƙara kuɗin shiga kasuwa, a cikin kwanon awo za a ga abin. Waɗannan kuwa duk suna da layinsu a takardar kasafi.

SU WANE NE 'YAN MAJALISA

Majalisar Dokokin Jihar Kano tana da wakilai 40, tana zama a wajen Sakatariyar Audu Baƙo. Tsarin Mulki na 1999 ya ce kada majalisar jiha ta gaza wakilai 24, kada kuma ta wuce 40. Da yake ƙananan hukumominmu 44 ne, sai aka haɗa waɗansu biyu-biyu suka zama mazaɓa ɗaya, kamar Bagwai da Shanono, da Rimin Gado da Tofa. Wa'adinsu shekara huɗu ne, kuma dole su zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Ba a yanke magana sai kashi ɗaya cikin uku na wakilai suna zaune. Majalisar da aka rantsar a watan Yuni na 2023, wa'adinta yana cika a Yuni na 2027.

INA KUƊIN SUKE FITOWA

Kuɗin jiha hanya uku suke biyowa. Ta farko ita ce rabon da ake yi wata-wata a Abuja daga asusun tarayya, wanda ya haɗa kuɗin mai da harajin kayan saye na kashi 7.5 cikin 100. Ta biyu ita ce abin da Hukumar Tattara Haraji ta jiha take karɓa a cikin gida. Ta uku bashi da gudummawa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, rabon da jihohi suke samu ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira, amma ku ma shaida ne kuɗin mota da na taki sun tashi tare da shi. Saboda haka in kun ji an ce kasafin bana ya ninka na bara, ku fara tambaya buhun siminti nawa zai saya.

Dattawa za su tuna cewa a da shekarar kuɗi tana farawa ran 1 ga Afrilu. Yanzu daga Janairu take zuwa Disamba. Za su kuma tuna 1979, lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Wannan ya isa misali cewa abin da aka yanke a birni yana isa har cikin rumbun talaka.

MATAKAN KASAFI

Da fari, tun wajen tsakiyar shekara, Ma'aikatar Kasafi da Tsare-tsare takan aika wa ma'aikatu takarda, kowace ta kawo kiyasin abin da take bukata. Nan ne ake ɗinka rigar. Aikin da bai shiga a wannan lokaci ba, da wuya ya shiga daga baya sai da mai tsaya masa.

Na biyu, Gwamna ya je gaban majalisa ya ajiye kiyasin, galibi a Oktoba ko Nuwamba, daidai lokacin da muke kan kaka. Kiyasin kashi biyu ne. Akwai kuɗin yau da kullum, watau albashi da fansho da tafiyar da ofisoshi. Akwai kuɗin manyan ayyuka, watau hanyoyi da madatsun ruwa da asibitoci da makarantu. Mai neman hanyar ƙauyensu, a kashi na biyu zai duba.

Na uku, a yi wa shirin dokar kasafin karatu na ɗaya, wanda ambaton suna ne kawai, sa'an nan karatu na biyu, inda wakilai suke mahawara. Daga nan a miƙa shi ga kwamitin kasafi. Kwamishinoni da shugabannin hukumomi, irin su KNARDA mai kula da aikin gona da KASCO mai sayar da taki da iri, su zo ɗaya bayan ɗaya su kare abin da suka nema. Majalisa takan kuma kira taron jin ra'ayin jama'a, inda ƙungiyoyi suke miƙa bukatunsu a rubuce.

Na huɗu, kwamiti ya kawo rahoto, majalisa ta bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, a zartar. Na biyar, Gwamna ya sa hannu, ya zama doka. In sabuwar shekara ta kama ba a gama ba, Tsarin Mulki ya yarda Gwamna ya ci gaba da kashe kuɗi gwargwadon na bara har tsawon wata shida, ba fiye ba.

Kada wani ya ce majalisa hatimi kawai take bugawa. Ga lissafi. A Oktoba na 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kai kiyasin naira biliyan 350 domin shekarar 2024, abin da ya fito ya zama doka kuwa biliyan 437 ne. A Nuwamba na 2024 ya kai biliyan 549 domin 2025, abin da aka sa wa hannu a ƙarshen Disamba biliyan 719 ne da 'yan kai. Watau a cikin makonni kaɗan an ƙara wajen biliyan 170. Tsakanin ranar da aka ajiye takarda da ranar da aka zartar, nan ne ake ƙari da ragi, nan ne kuma ya kamata kunnuwanmu su kasance a buɗe.

Ga kuma ma'auni guda da za ku riƙe. A 2003 shugabannin Afirka sun taru a Maputo suka yi alkawarin ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafinsu. A kiyasin biliyan 549 ɗin nan, ilimi ya sami kashi 31, noma kuwa bai kai kashi 5 ba. Gaskiya ne hanyoyin karkara da ruwa suna ƙarƙashin waɗansu ma'aikatu dabam, kuma su ma manomi suke yi wa aiki. Duk da haka, tambaya ce da ta cancanci a yi wa wakili.

RUBUTU DABAM, SAKIN KUƊI DABAM

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne wannan. Kasafi izini ne na kashe kuɗi, ba kuɗin ba ne a hannu. Ana iya rubuta gyaran magudanan ruwa na madatsar Watari a Bagwai, ko ta Tomas a wajen Ɗambatta, shekara ta ƙare ba a saki ko rabi ba, ko don kuɗin shiga sun gaza kiyasi, ko don an fifita wani aiki. Ga manomi kuwa lokaci shi ne kome. Takin da ya iso bayan gero ya fitar da kai, sunansa taki, amma ya zama na baɗi.

Saboda haka gwamnati takan fitar da rahoton yadda aka aiwatar da kasafi bayan kowane wata uku, ana sa shi a intanet tare da kasafin kansa. Bayan shekara ta ƙare, Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha yakan miƙa rahotonsa ga majalisa, kwamitin lissafin kuɗin gwamnati ya duba. Majalisa tana da ikon kiran kowane ma'aikaci ya zo ya yi bayani. Akwai kuma ƙarin kasafi, wanda Gwamna yakan kai a tsakiyar shekara in kuɗi sun ƙaru ko bukata ta taso, kamar yadda aka yi a 2024. Shi ma matakan nan yake bi, sai dai yakan yi sauri.

SHIRIN DOKA DA KIRA BA ƊAYA BA NE

Sau da yawa za ku ji a rediyo an ce majalisa ta bukaci gwamnati ta gina hanya daga gari kaza zuwa gari kaza. Mutanen garin su yi murna har da guɗa. To a yi hattara. Wannan kira ne, wakili ya gabatar, 'yan'uwansa suka goyi baya. Ba doka ba ce, ba ta tilasta kowa, kuma babu kwabo a bayanta sai ranar da aikin ya shiga kasafi. Amfaninta shi ne ta zama hujja a rubuce da za a bi.

Shirin doka shi ne mai haƙora. Yana iya fitowa daga Gwamna, yana iya fitowa daga wakili. Yana bin karatu uku da kwamiti kamar yadda muka faɗa. In an kai wa Gwamna, yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisa ta sake zartarwa da rinjayen kashi biyu cikin uku, ya zama doka ba da hannunsa ba. Shirin da ya kwanta a kwamiti har wa'adin majalisa ya cika, sai an sake gabatar da shi a sabuwa.

Wani shirin yakan shekara a kwamiti, wani kuwa kamar walƙiya. Mutanen Bichi sun gani da idonsu. A watan Mayu na 2019, cikin 'yan kwanaki majalisa ta zartar da dokar da ta kafa masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu. Kotu ta rushe ta a Nuwamba, aka sake yin wata a Disamba. Ran 23 ga Mayu 2024 wata majalisar ta soke dokar, Gwamna ya sa hannu a ranar. Ba muna nan don mu ce wane ya yi daidai ba. Abin lura shi ne, doka tana iya canjawa tsakanin cin kasuwa da cin kasuwa, wanda bai sa kunne ba sai dai ya ji an gama.

KASUWA TA WA CE

Bisa Tsarin Mulki, kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da kula da su aikin ƙaramar hukuma ne, amma majalisar jiha ce take yin dokar da ƙananan hukumomi suke aiki da ita, kuma jiha tana da hakkin karɓa a kasuwar da ta zuba kuɗinta. A Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye. Saboda haka in rumfa ce ta rushe ko magudanar kasuwa ta toshe, a fara da sakatariyar ƙaramar hukuma. In hanya ce babba da take kai kaya Dawanau, wannan ta jiha ce ko ta tarayya. Kowane kuɗi kuma aka ce ku biya, ku nemi rasit, ku tambayi dokar da ta kawo shi.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa ta zauna tun da damina ta zaɓi bukata ɗaya ko biyu, kada ta jera ashirin. A rubuta sunan wurin, da tsawon hanyar ko yawan rumfunan, da ƙauyukan da za su amfana. Dagaci da sarkin kasuwa da sarkin noma su sa hannu. A kai ɗaya ga wakilin mazaɓa, ɗaya ga Akawun Majalisa domin kwamitin da abin ya shafa, a riƙe ɗaya da hatimin karɓa a kanta.

In Gwamna ya ajiye kiyasi, a sa wani yaro mai waya da karatun boko ya nemo layin aikin, a san nawa aka rubuta da ma'aikatar da aka ba. In an zartar, a sake dubawa, gama abin da ya shiga yana iya fita. Bayan wata uku a duba nawa aka saki. In shirin doka ne da ya taɓa haraji ko filaye ko kasuwa, a tambayi wakili abu uku: karatu na nawa yake, wane kwamiti yake riƙe da shi, yaushe za a ji ra'ayin jama'a.

Wakilin da ya toshe kunne, Tsarin Mulki ya ba da hanyar yi masa kiranye. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, ta yi ƙuri'ar jin ra'ayi cikin kwana 90. Hanya ce mai wuya, shi ya sa ranar zaɓe ta fi sauƙi, in an riƙe lissafin abin da ya yi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wakilai 40 ba za su san kowane kwalbati da ya karye tsakanin Minjibir da Ɗambatta ba sai an faɗa musu, a kan lokaci, a rubuce. Yadda ba ma sayen buhu sai mun zura hannu mun ga ƙwayar, haka ya kamata mu yi wa kasafi. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba. Haza wassalam.